An Gudu Ba a Tsira Ba: 'Yan Fanshon Birtaniya da Dokar Taba a Sifaniya

Baturen Ingila da aka haifa wajejen 1945 a cikin hayaƙi ya buɗe ido. Mahaifinsa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da sabon busa sigari, domin a fagen daga taba tana cikin guzurin da ake raba wa soja. A 1948, cikin kowane maza goma na Birtaniya takwas na shan taba, wasu sigari, wasu lofe. Ana busa ta a sinima, a saman bas mai hawa biyu, a ofis, a jirgin ƙasa, daga baya har cikin jirgin sama. Yaro kan fara ɗanɗanawa a bayan makaranta yana ɗan shekara 14 ko 15, ba wanda ya ɗauki abin da zafi.

Tun a lokacin masana sun soma magana. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa binciken da ya nuna alaƙar sigari da ciwon dajin huhu. A 1962 kwalejin manyan likitoci ta Landan ta fitar da rahoton da ya ƙarfafa wannan magana, a 1965 kuma aka hana tallan sigari a talabijin a Birtaniya. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, amma wannan turke bai ƙyale masu ilimi ba: shi kansa Doll yana shan taba, sai da ya ga abin da alƙaluman bincikensa ke nunawa ya daina. Har zuwa 1974 kashi 45 cikin ɗari na balagaggun Birtaniya suna busa sigari, mutumin namu kuwa a lokacin ya kusa shekara 30, taba ta riga ta zama masa jiki.

A waɗannan shekaru ne ya san Sifaniya. Jiragen haya masu araha sun fara kwasar ma'aikatan Ingila zuwa gaɓar Bahar Rum don hutun mako biyu. Benidorm, wanda ƙauyen masunta ne a da, ya cika da dogayen benaye. An buɗe filin jirgin saman Alicante a 1967. Da Sifaniya ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1986, zama a can ya ƙara sauƙi, sai hutu ya koma buri: idan an yi ritaya a sayar da gidan Manchester ko Leeds, a sayi ɗan gida a Torrevieja ko Fuengirola, a rabu da sanyi da ruwan sama marar yankewa. Da yawa sun cika burin. 'Yan Birtaniya da ke cikin rajistar garuruwan Sifaniya sun kusa 300,000, mafi yawa a lardunan Alicante da Málaga, kuma kaso mai tsoka a cikinsu tsofaffi ne.

Ƙasar da suka zaɓa ba baƙuwar taba ba ce, ita ce ƙofar da taba ta bi ta shigo Turai. A Nuwamban 1492 mutane biyu daga cikin ayarin Kolombus, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, suka ga mutanen tsibirin Kuba suna naɗe busasshen ganye suna kunna masa wuta suna zuƙa. Kafin a cika ƙarni ɗaya da rabi, a 1636, masarautar ta kankane cinikin taba ya zama nata ita kaɗai, domin ta gano irin kuɗin da ke cikinsa. Masana'antar taba ta sarki da aka gina a Sevilla a ƙarni na 18 tana cikin manyan gine-ginen ƙasar. Daga baya dubban mata ne ke naɗa taba a cikinta, yau kuma jami'ar birnin ce ke ciki. A zamanin mulkin Janar Franco kamfanin Tabacalera, wanda aka kafa a 1945, shi ya riƙe harkar, kuma sau da yawa zawarawan sojoji da waɗanda yaƙin basasa ya naƙasa ake ba lasisin buɗe kantin taba. Har gobe waɗannan kantuna masu lasisin gwamnati suna nan a kowace unguwa, ana sayar da sigari da kan sarki a waje ɗaya. A wajen biki uban amarya kan raba wa maza manyan sanduna na taba bayan abinci. Ducados mai baƙar taba da Fortuna mai ja su ne ƙamshin kowane gidan gahawa. Gwamnati ta yi wata doka a 1988 da ta hana busawa a asibitoci da makarantu da wasu motocin haya, amma ba a cika damuwa da ita ba.

Ga ɗan fansho mai shan taba, wannan ƙasa ta haɗa masa komai: rana, araha, da kwalin sigari wanda kuɗinsa bai kai rabin na gida ba.

Canjin daga wani waje ya taso. Binciken Takeshi Hirayama a Japan a 1981 ya nuna cewa matan da mazajensu ke shan taba sun fi sauran mata kamuwa da dajin huhu, alhali su ba sa sha. Daga nan maganar ta tashi daga “jikina ne, ina ruwan wani” ta koma kan haƙƙin na kusa da kai. A Mayun 2003 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar yaƙi da taba, ta fara aiki a Fabrairun 2005. Sifaniya ta shiga, Najeriya da Nijar da Gana ma sun shiga; dokar taba ta Najeriya ta 2015 daga wannan tushe ta fito. Ayilan ce ta fara yin abin da ake ganin ba zai yiwu ba: ranar 29 ga Maris 2004 ta hana shan taba a duk wuraren aiki, har da mashaya. Italiya ta bi a Janairun 2005, Sikotilan a Maris 2006, Ingila kuma ranar 1 ga Yuli 2007.

Sifaniya ta yi tata dokar, amma rabi-rabi. Wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2006, lokacin da Elena Salgado ke ministar lafiya, ta kori taba daga ofisoshi da masana'antu, ta hana talla, ta ɗaga shekarun saye daga 16 zuwa 18. Da aka zo kan gidajen gahawa da na abinci sai ta ja da baya. Wurin da bai kai murabba'in mita 100 ba, mai shi aka bar wa zaɓi, ko ya bari a sha ko ya hana, ya dai maƙala takarda a ƙofa. Wanda ya fi haka girma, an ce ya keɓe wa masu busawa ɓangare da bango ko gilashi, kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na wurin. Ƙananan kantuna su ne mafi yawa a ƙasar, kuma mafi rinjayensu sun zaɓi hayaƙi, don kowa na tsoron kada maƙwabcinsa ya kwashe masa abokan ciniki. Kamfanonin taba sun ji daɗin wannan tsari har suka riƙa tallata shi a wasu ƙasashe a matsayin abin koyi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali wanda tsarin ya amfana.

Tsakanin 2007 da 2010, saboda haka, ɗan fanshon da ke gaɓar Costa del Sol a lardin Málaga yana ganin ya tsallake. Tsofaffin abokansa na gida suna tsaye a ƙofar mashaya cikin ruwan sama da sanyin Disamba, shi kuwa yana zaune a ciki, mazubin toka a gabansa, ana nuna ƙwallon Ingila a talabijin. Mashayan da 'yan'uwansa Turawan Ingila suka buɗe a Benidorm da Benalmádena ƙanana ne, don haka dokar ba ta taɓa su ba.

Ranar 2 ga Janairu 2011 aka rufe wannan ƙofa. Sabuwar dokar da gwamnatin firaminista Zapatero ta kawo, Leire Pajín na ministar lafiya, ta share zaɓin gaba ɗaya. Duk rufaffen wurin da jama'a ke shiga, babu taba. Ta ma zarce ta Ingila ta wani ɓangare, domin ta haɗa da filayen wasan yara da harabar asibiti da ta makarantu, ko da a sarari suke. Wanda aka kama sau ɗaya tararsa Yuro 30. Mai wurin da ya bari aka sha kuwa, tasa ta fara daga 601 har zuwa 10,000.

Lokacin ya zo da tsanani. Tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, marasa aiki sun haura kashi 20 cikin ɗari. Su kansu 'yan fanshon suna cikin nasu halin, domin a ƙarshen 2008 fam ya faɗi har ya kusa zama ɗaya da Yuro, kuɗin da ake turo musu daga gida ya zaftare da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da sun yi laifin komai ba. Masu gidajen abinci sun yi kururuwa cewa za a rufe dubban wurare. Waɗanda suka fi gaskiya a cikin masu kukan su ne masu manyan wurare da suka kashe kuɗi a 2006 suka gina ɗakunan gilashi da injinan zuƙe hayaƙi bisa umarnin gwamnati, bayan shekara biyar gwamnatin ta ce musu aikin banza ne. Wannan kam an zalunce su, kuma laifin na waɗanda suka ji tsoron yin doka cikakkiya tun farko ne. A Marbella, tsakiyar yankin da baƙin suka fi yawa, wani gidan gasa nama mai suna Asador Guadalmina ya fito fili ya ce ba zai bi ba. Gwamnatin yankin Andalusiya ta rufe shi a Fabrairun shekarar, ta kuma ɗora masa tara mai nauyi. Bayan wannan, tawayen bai yi nisa ba. Mutanen da ake cewa ba sa bin doka sun bi ta fiye da yadda kowa ya zata, kuma awon iskar da aka yi a gidajen abinci bayan dokar ya nuna hayaƙin ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Ni dai ina tare da wannan doka, kuma dalilina shi ne mutumin da ba a cika ambata ba idan ana wannan gardama: sabis ɗin da ke kai gahawa tebur-tebur. Abokin ciniki awa ɗaya zai yi ya tashi. Shi ko ita kuwa tun safe har dare a cikin hayaƙin mutane hamsin, shekara da shekaru, wata ma da juna biyu. A ƙarƙashin dokar 2006 ma'aikacin banki ya sami kariya, mai wanke kofuna bai samu ba. Ba wata hujja da za ta gyara wannan bambanci.

Amma goyon bayan doka bai hana a ga abin da ya sami tsohon ba, kuma abin ya wuce nikotin. Mutum ne da ya bar aiki, ya bar unguwar da ya shekara arba'in a ciki, jikokinsa suna bayan teku, yaren garin kuma bai iya fiye da gaisuwa da ƙirgen kuɗi ba. Ba ƙararrawar ofis da za ta raba masa yini. Abin da ke raba masa yini shi ne fita da safe zuwa kantin gahawa, ya zauna a kujerar da kowa ya san tasa ce, ya kunna kara ɗaya, ya jira su wane su iso. Wurin nan shi ne masa abin da teburin mai shayi yake ga mutanen unguwa: nan ake jin wanda ya kwanta asibiti, wanda matarsa ta rasu, wane makaniki ne ba ya cuta, yaya ake cike takardar haraji. Wanda matarsa ta riga shi, wata rana maganar da zai yi da ɗan Adam ke nan har dare. Idan aka ce masa ya ɗauki tabarsa ya fita, abin da kunnensa ke ji shi ne an tashe shi daga majalisa. Kuma mai shekara 70 da ciwon gwiwa ko na ƙugu, tashi da komawa duk bayan rabin awa ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanayin ƙasar ne ya rufa masa asiri. Dokar ta bar baranda, wato kujerun da ake jerawa a ƙofar kanti, muddin idan akwai rufi bangon bai wuce biyu ba. A gaɓar Bahar Rum ana iya zama a waje mafi yawan shekara, sai majalisar ta tashi gaba ɗaya ta koma waje, masu sha da marasa sha. Barandu suka yawaita a kan tituna, aka kawo murhun gas na ɗumama jiki da barguna, aka sassaka labulen leda. Wasu wuraren an ja ledar ta ko'ina har barandar ta zama ɗaki sosai, suna kawai ya rage, masu duba-gari kuma ba sa iya zagaye duka.

Daga nan sauye-sauyen suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta sa daga 2016 hotunan cututtuka su rufe kashi 65 cikin ɗari na kwali, a Mayun 2020 kuma aka hana sigari mai ɗanɗanon na'a-na'a. Ficewar Birtaniya daga tarayyar ta kashe wata tsohuwar al'ada: a da mai komawa gida ziyara kan cika jaka da kwalaye ya kai wa 'yan'uwa, daga Janairun 2021 kuwa kara 200 kawai kwastan ke bari ba haraji. Korona ta kawo abin da ba a taɓa gani ba. A tsakiyar Agustan 2020 yankin Galisiya ya hana shan taba a titi da baranda idan ba za a iya barin tazarar mita biyu ba, cikin kwanaki sauran ƙasar ta bi. An janye wannan daga baya, amma mutane sun riga sun ɗanɗana cin abinci a waje ba hayaƙi, kuma da yawa ba su so a koma ba. A 2022 dokar shara ta ba ƙananan hukumomi ikon hana taba a bakin teku, saboda guntayen sigari da ke cika yashi, kuma daga Yulin shekarar Barselona ta hana a dukan gaɓarta, tara Yuro 30.

A wannan mataki wahalar baƙo ta sauya kama. Dokar 2011 ɗaya ce a duk ƙasar, kowa ya san ta. Yanzu kuwa yankuna 17 ne masu cin gashin kansu da ƙananan hukumomi fiye da 8,000, kowace da nata hukunci. Gaɓar wannan gari an hana da tara, ta gaba roƙo ne kawai aka yi a allo, ta gaba da ita babu komai. Allon kuwa da Sifaniyanci yake, a Alicante wani lokaci har da yaren Balensiya. Tsohon ya dogara ne da jaridun Turanci da ake bugawa a yankin, irin su Sur in English da Euro Weekly News, da kuma jita-jitar majalisa, ga wasu jaridun Landan da ke zuzuta kowace tara duk bazara. Sakamakon shi ne mutum mai son bin doka, wanda bai taɓa shiga hannun 'yan sanda ba a rayuwarsa, yana zaune cikin fargabar yin laifin da bai san iyakarsa ba.

Yanzu barandar ce kanta ke kan layi. A Afrilun 2024 gwamnati ta amince da shirin yaƙi da taba na 2024 zuwa 2027, a Satumban 2025 kuma majalisar ministoci, bisa shawarar ministar lafiya Mónica García, ta amince da daftarin dokar da zai hana shan taba da sigarin lantarki a baranda, rumfunan jiran bas, wuraren ninƙaya da harabar jami'o'i. Ma'aikatar lafiya tana kafa hujja da cewa taba na kashe kimanin mutum 50,000 a ƙasar duk shekara. Wanda ya ce zai sake ɗaukar jakarsa kuwa, ina zai nufa? Faransa ta hana a bakin teku da lambunan shaƙatawa da kewayen makarantu a tsakiyar 2025. Birnin Milan ya hana a tituna daga Janairun shekarar sai idan da tazara mai yawa. Meziko, inda 'yan fanshon Amurka da Kanada ke taruwa a bakin tafkin Chapala, ta yi doka a Janairun 2023 da ta haɗa har otal da bakin teku. Tailan ta hana a manyan gaɓoɓinta tun 2018. A gida Birtaniya, masu shan sigari sun ragu zuwa kimanin kashi 12 cikin ɗari a 2023. An gudu, ba a tsira ba.

Maganar baranda ta fi ta 2011 wuyar yanke hukunci, domin hayaƙi a sarari bai kai na rufaffen ɗaki illa ba, kuma nan ne kaɗai ya rage wa mutumin da na bayyana. Duk da haka idan na duba barandun da aka naɗe da leda, da sabis ɗin da ke kai-komo a cikinsu, da yaron da ke zaune a teburin kusa, sai in ga hujjar 2011 ba ta mutu ba. Baƙo kuma, kome daɗewarsa da yawan kuɗin da yake kashewa a gari, ba shi ke zaɓa wa masu gida iskar da 'ya'yansu za su yi aiki a ciki ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da tsofaffin ke yawan yi, har wasu 'ya'yansu na taya su, cewa a waɗannan shekaru dainawa ba ta da amfani. Doll ya bi likitocin Birtaniya masu shan taba da marasa sha har shekara 50, ya fitar da sakamakon a 2004, shekara ɗaya kafin rasuwarsa yana da 92. Wanda ya ci gaba da sha, a tsakaice, yana rasa shekara goma na rayuwa. Wanda ya daina yana ɗan 50 yana maido da kimanin shida, wanda ya daina yana ɗan 60 kuma kimanin uku. Ga wanda ya sayar da gidansa ya ƙetare teku don ya more abin da ya rage masa, shekara uku ba abin rainawa ba ne. Hanyar ma a buɗe take: ɗan fanshon Birtaniya mai takardar S1 yana ganin likita a asibitin unguwa kamar ɗan ƙasa, gwamnatinsa ke biya. Tun Janairun 2020 tsarin lafiyar Sifaniya yake ɗaukar nauyin wani ɓangare na kuɗin magungunan daina taba, sau ɗaya a shekara, a 2023 kuma aka ƙara da wani da ake sha na kwana 25.

Wanda ba ya jin yaren likita ba zai nemi abin da bai san akwai shi ba. Garuruwan gaɓar teku da suka iya buga tallan gidaje da takardun haraji da Turanci da Jamusanci ba su da uzurin barin allon hani da yare ɗaya. Duk ƙaramar hukumar da za ta ɗauke mazubin toka daga baranda, ta rubuta dokar da yaren da tsofaffin baƙinta ke karantawa, ta kuma rubuta a ƙasanta inda za su je a ba su magani.